Tesla Model Y: Ka Saya Yanzu Ko Ka Jira Sabuwa? Matakan Yanke Shawara

Tunda na fara rubutu a kan motocin lantarki, babu tambayar da ta kai wannan yawa: "Malam, na tara kuɗina zan sayi Model Y, sai ga shi ana cewa akwai sabuwa tana tafe. In saya ko in dakata?" Masu tambayar kashi biyu ne. Akwai 'yan uwanmu mazauna Amurka da Ingila da Jamus da Dubai, waɗanda kamfanin Tesla ke kusa da su. Akwai kuma na gida, Kano da Abuja da Yamai, masu son a shigo musu da ita. Amsa ɗaya ba za ta wadatar da kowa ba, shi ya sa na jera matakan da nake bi da duk wanda ya same ni da maganar. Ka bi su a jere, domin kowane mataki yana rage maka aikin na gaba.

Mataki na 1: Gano wace "sabuwa" ake nufi

Mutane da dama suna jiran abin da ya riga ya fito. Babban gyaran fuskar da aka yi wa Model Y, wanda ake kira Juniper, an bayyana shi a Sin a watan Janairun 2025, ya isa hannun masu saye a Amurka da Turai a watan Maris. Shi ne mai doguwar fitila da ta ratsa gaba da baya, da kyamara a bambar gaba, da kujerun gaba masu hura iska, da ƙaramin allo mai inci 8 na mutanen baya, da gilasai masu rage ƙara, da shokozoba mai laushi fiye da ta da. Bayansa an fitar da Model Y L mai kujeru shida a Sin a watan Agustan 2025, sannan a watan Oktoba aka fitar da mai araha da aka kira Standard a kan dala 39,990 a Amurka, wadda aka rage wa kayan alatu da yawa.

Abin da ake ta raɗe-raɗinsa bayan waɗannan shi ne sabuwar kwamfutar tuƙi, AI5, wadda za ta gaji AI4 da ke cikin motocin yanzu. To, kafin komai ka tambayi wanda ya ba ka labarin: sabon jiki yake nufi, ko sabon batir, ko kwamfuta? Idan ya kasa faɗa maka, ba shi da labari.

Mataki na 2: Raba sanarwa da ji-ta-ji-ta

An fara maganar Juniper tun farkon 2023. Mutane suka riƙe kuɗinsu suna cewa gobe ne, jibi ne. A watan Yunin 2024 shugaban Tesla, Elon Musk, da kansa ya fito ya ce babu wani gyaran fuska da zai zo a shekarar. Wanda ya fara jira tun labarin farko sai da ya yi kusan shekara biyu yana zuba fetur a tsohuwar motarsa. Haka labarin AI5 yake tafiya: a tsakiyar 2024 an ce saura kamar wata 18, daga baya aka ce ƙarshen 2026, sannan aka ce ba za ta wadata a sa ta cikin motoci ba sai tsakiyar 2027.

Akwai alamomin da nake yarda da su. Na farko, shafin kamfanin ya buɗe oda da farashi da watan da za a kawo. Na biyu, ma'aikatar masana'antu ta Sin ta wallafa hotunan motar da ma'auninta, domin dokarsu ce a yi hakan kafin a fara sayarwa, kuma ta nan aka ga Model Y L wata guda kafin fitowarta. Na uku, kamfanin ya fara karya farashin motocin da ke ajiye a hannunsa babu wani dalili bayyananne. Hoton mota an lulluɓe ta da baƙin ƙyalle a kan titi alama ce ta gwaji kawai, kuma gwaji yana iya ɗaukar shekara.

*Gargaɗi:* ranar da shugaban kamfani ya ambata a taron masu hannun jari ko a shafinsa na X buri ne yake faɗa. Kada ka gina lissafin gidanka a kai. Ƙa'idata ita ce, idan babu sanarwa mai farashi, kuma ba a sa ran motar cikin wata uku, to abin ya zama jiran gawon shanu.

Mataki na 3: Tantance abin da zai zo ta intanet da abin da sai da sabon ƙarfe

Wannan ne matakin da ya fi muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Motar lantarki irin wannan tana karɓar sabuwar manhaja kamar wayar hannu. Ka kwanta, ka tashi da safe ka tarar allo ya sauya, an ƙara wani abu. Duk abin da yake na manhaja ne, wanda ya saya bara da wanda zai saya baɗi duk za su samu, muddin kwamfutar motar tana iya ɗauka. Saboda haka bai cancanci jira ba.

Ɗauki takarda ka raba ta biyu. A gefe ɗaya ka rubuta abubuwan manhaja: tsarin allo, taswira, nishaɗi, gyaran ƙananan kurakurai. A ɗaya gefen ka rubuta waɗanda ba sa zuwa ta iska: batir, kujeru, gilashi, shokozoba, kyamarori, bakin caji, da ita kanta kwamfutar. Sai ka duba gefe na biyu, ka ja layi a ƙarƙashin abin da za ka ji a jikinka kullum. Ni a wurina, ga mai zama a ƙasar zafi, kujera mai hura iska da laushin shokozoba sun fi doguwar fitila daraja nesa ba kusa ba.

Maganar kwamfuta tana da tarihin da ya kamata ka sani a taƙaice. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar 2023 galibi suna ɗauke da tsohuwar kwamfutar tuƙi, HW3, wadda AI4 ta gada. An sayar wa mutane tsarin tuƙa-kai da ake kira FSD a kanta, har a watan Janairun 2025 Musk ya amsa cewa sai an sauya kwamfutar motocin waɗanda suka sayi tsarin. Wannan ne ya sa wasu ke tsoron kada abin ya maimaitu tsakanin AI4 da AI5. Tsoron yana da tushe, amma ga mutum ɗaya kawai: wanda yake zaune a ƙasar da tsarin ke aiki, kamar Amurka ko Kanada, kuma don shi yake sayen motar. Idan kai da hannunka za ka riƙa tuƙi, ko a Najeriya ko Nijar za ka hau ta inda ba a ba da wannan tsari, AI5 ba ta da abin da za ta ƙara maka. Goge ta daga takardarka.

*Gargaɗi:* sabo ba kullum yake nufin ƙari ba, wani lokaci ragewa ake yi. A 2022 an cire ƙananan na'urorin bamba masu auna tazara lokacin fakin. Da aka gyara fuskar 'yar'uwarta Model 3 a 2023 an cire sandar sigina aka mayar da ita maɓalli a kan sitiyari, direbobi suka yi ta ƙorafi musamman a shataletale, kuma da Juniper ta zo sai aka bar mata sandarta. Ka tambayi abin da aka cire kamar yadda kake tambayar abin da aka ƙara.

Mataki na 4: Lissafa kuɗin jira

Jira ma yana da farashi. Rubuta abin da motarka ta yanzu ke ci a wata: mai, juyen baƙin mai, gyare-gyare, da faɗuwar darajarta. Idan ba ka da mota, rubuta kuɗin haya ko tasi. Ninka da adadin watannin da kake shirin jira, sannan ka ƙara wata shida a kai saboda ɗagewa.

Sai ka duba tallafin gwamnati a inda kake, domin shi ma yana da wa'adi. A Amurka rangwamen haraji na dala 7,500 ga sabuwar motar lantarki ya ƙare ranar 30 ga Satumban 2025. Wanda ya tsaya jiran wani ƙyale-ƙyale har ranar ta wuce shi ya yi asarar da babu fitilar da za ta biya shi.

A ɗaya ɓangaren kuma, ka sani farashin wannan mota ba ya zama wuri ɗaya. A Janairun 2023 an sauke Model Y Long Range, mai dogon zango, daga dala 65,990 zuwa 52,990 a dare ɗaya. Waɗanda suka saya a watan Disamba sun wayi gari darajar motarsu ta zube. Ba wanda zai iya kare ka daga irin wannan gaba ɗaya. Abin da ke rage zafinsa shi ne ka saya da niyyar riƙewa shekara biyar zuwa sama. Idan kai mai sauya mota ne duk bayan shekara biyu, sayen sabuwa fil gab da gyaran fuska shi ne mafi munin lokaci.

Mataki na 5: Idan sanarwa ta fito, kada ka zama na farko a layi

Da Juniper ta fito a Amurka, samfuri ɗaya kawai aka buɗe, Launch Series, a kan dala 59,990, an cusa masa FSD da wasu ƙarin kaya ko kana so ko ba ka so. A watan Afrilu aka fitar da Long Range mai jan ƙafa huɗu a kan 48,990, a watan Mayu mai jan baya a kan 44,990. Haƙurin 'yan makonni ya kai dala 11,000. Ƙari a kan haka, rukunin farko na kowace mota, ta kowane kamfani, shi ke fitowa da ƙananan matsalolin da ake gyarawa daga baya.

*Gargaɗi:* kafin alƙalamin da ake biya lokacin oda, dala 250 a Amurka, ba a mayarwa. Kada ka danna don kama layi alhali ba ka gama shawara ba.

Lokacin da sabuwa ke gab da fitowa shi ne kasuwar tsohon samfuri ke buɗewa. A 2024, kafin Juniper, kamfanin ya yi ta rangwame a kan motocin ajiya, ya kuma ba da bashi da ruwa kaɗan ƙwarai, wani lokaci babu ruwa sam, abin da ya yi wa masu gudun riba daɗi. Masu gwanjo su ma sai su sauke. Idan takardarka ta mataki na 3 ba ta da layi ko ɗaya da ka ja, nan ne rabonka yake.

Mataki na 6: Binciki motar da kanka

Ko sabuwa ce ko ta hannu, gani ya kori ji. Ga tsarin da nake bi.

Fara da lambar shasi. Tsaya a gaban motar ta gefen direba, ka leƙa ƙasan gilashin gaba, za ka ga haruffa da lambobi 17. Ukun farko suna faɗa maka asalinta: 7SA ko 5YJ ƙirar Amurka ce, LRW ta Shanghai, XP7 ta Balin. Na goma shi ne shekara: N 2022, P 2023, R 2024, S 2025, T 2026.

*Gargaɗi:* a Amurka Juniper da sunan samfurin 2026 aka sayar da ita. Ke nan idan dillali ya ce maka ga "Model Y 2025 daga Amurka", tsohon jiki ne. Mutane sun biya kuɗin sabuwa a kan wannan ruɗani. Ka nemi hoton gaba da baya, kada ka tsaya a kan shekara.

Shiga ciki ka taɓa allo. Je zuwa Controls, sai Software, sai Additional Vehicle Information. A nan motar za ta faɗa maka da bakinta wace kwamfutar tuƙi take ɗauke da ita, da na'urar allon, ko Intel Atom ce ta da mai nawa, ko AMD Ryzen. Idan batirin nau'in LFP ne, shi ma za a rubuta a wurin. Idan kana nesa, ka ce a ɗauko maka hoton wannan shafi tare da na kilomitar da ta ci. Mai sayarwar da ya ƙi, ka bar masa kayarsa.

Bambancin batir yana da amfani a aikace. LFP, wanda ake samu a yawancin masu jan baya ƙirar Shanghai da Balin, ana iya cika shi 100 bisa 100, kamfanin ma yana so a yi hakan aƙalla sau ɗaya a mako, kuma ya fi jure zafi da yawan caji. Na Long Range ya fi nisan zango, amma ana so a tsayar da shi a 80 a zirga-zirgar yau da kullum. A ƙarƙashin Service akwai gwajin lafiyar batir. Yana cin sa'o'i da yawa kuma sai mota tana jone da caja, amma ga abin da ya fi komai tsada a jikin motar, ba ɓata lokaci ba ne.

Garantin batir shekara 8 ne, ko mil 100,000 ga ƙaramin batir, mil 120,000 ga Long Range da Performance, da alkawarin ba zai sauka ƙasa da kashi 70 na ƙarfinsa ba. Na sauran jiki shekara 4 ne ko mil 50,000. Lissafa abin da ya rage.

Mataki na 7: Ga mai shigowa da ita gida

Idan a waje kake zaune, tsallake zuwa na 8. Na gida kuwa, wannan mataki ya fi duk maganar samfuri nauyi.

Garantin da na ambata yana aiki ne a yankin da aka sayar da motar. Kamfanin ba shi da garejinsa a Najeriya ko Nijar. Saboda haka, tun kafin ka tura ko sisi, ka nemo makanikin da ya taɓa buɗe irin motar, ka je garejinsa ka ga aikinsa, ka tambaye shi daga ina yake samo kaya da kwana nawa suke yi a hanya. A nan tsohon jiki ya fi sabo: an ƙera shi daga 2020 zuwa farkon 2025, a 2023 ma ita ce motar da aka fi saya a duniya, don haka fitila da bamba da gilashinta sun cika kasuwa. Doguwar fitilar Juniper idan mai babur ya fasa maka ita, za ka jira.

Sai bakin caji. Ta Amurka tana da nata siririn baki da ake kira NACS. Ta Turai da ta Dubai CCS2 ce. Wadda aka yi don kasuwar cikin Sin GB/T ce. Ba sa shiga juna sai da adafta, kuma ba kowace adafta ke ɗaukar caji mai sauri ba. Je wurin cajin da ke garinku, in akwai, ka ga irin kan da ke jikin wayarsu, sannan ka zaɓi ƙasar da za ka sayo.

*Gargaɗi:* kada ka sayo daga Ingila ko Japan ko Ostireliya. Sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa a hagu namu yake, kuma ba a yarda da shigo da irinsu Najeriya ba.

Yanzu wutar gida. Motar tana cin kusan kilowat-awa 17 a kilomita 100 idan ana kunna na'urar sanyi. Mai yin kilomita 50 a rana yana buƙatar 8 da rabi. Soket na gida mai ba da kilowat 2.3 zai mayar da wannan cikin kamar awa huɗu, amma cika batir daga ƙasa zai wuce yini da kwana. Cajar bango mai kilowat 7 tana yin aikin a dare ɗaya, sai dai tana son layinta na musamman daga mita, da waya mai kauri da abin katse wuta nata. A farashin naira 225 kan kowane kilowat-awa da aka sa wa masu Band A, rukunin da ya fi samun wuta a Najeriya, a Afrilun 2024, kilomita 100 zai tsaya maka ƙasa da naira 4,000. Kwatanta da lita tara na fetur a farashin yau. Sa farashin da ke kan takardar wutarka ka sake lissafin.

*Gargaɗi:* cajar tana duba wayar ƙasa kafin ta saki wuta. Gidaje da yawa an ja musu wuta babu sandar ƙasa ta kirki, janareta da inbata da dama su ma haka, sai ka jona ka ga jar fitila tana ƙiftawa, mota ta ƙi karɓa. Kira mai wayarin ya gyara wannan tun motar tana kan ruwa. Kada kuma ka yi caji ta doguwar waya mai rassa irin ta kasuwa, zafi take yi har ta narke.

Batirin a ƙarƙashin motar yake shimfiɗe, tsakaninsa da ƙasa bai kai santimita 17 ba. Dubi hanyar unguwarku da tudun rage gudu da kwatar ƙofar gidanka. Zaɓi mai wili inci 19, taya 255/45, ta fi ta 20 da 21 jure rami. Motar ba ta zuwa da safaya, ka sa sayenta da jak a cikin kasafi.

A ƙarshen 2024 gwamnatin Najeriya ta sa motocin lantarki cikin kayan da aka yafe wa harajin VAT. Ka sa ejan ɗinka ya rubuto maka cikakken lissafin kwastan a takarda, layi-layi, kafin a loda motar.

*Gargaɗi mafi girma:* motocin hatsari na gwanjon inshora. A motar fetur mun saba, a kawo a buga a yi fenti. A nan kuwa bugun da ya taɓa ƙasan mota, ko ruwan ambaliya da ya shige ta, yana iya lalata batir ta yadda ido ba zai gani ba, sai bayan watanni ya mutu ko ya kama wuta. Kamfanin yana soke garantin irin waɗannan motoci, yana kuma toshe musu caji mai sauri a tashoshinsa. Arha ba ta ado. Biya kuɗin binciken tarihin lambar shasi, ka ga hotunan ranar gwanjo, kuma duk wadda aka rubuta ruwa ya ci, ko kyauta ce ka bar ta.

Mataki na 8: Yanke, sannan ka karɓa yadda ya kamata

Ka jira idan abubuwa uku sun haɗu: akwai sanarwa mai farashi, abin da ke zuwa yana cikin waɗanda ka ja wa layi, kuma motarka ta yanzu za ta kai ka ba tare da ta cinye ka ba. Idan ɗaya ya faɗi, saya. Mazaunin waje mai son laushi da shiru, Juniper ta ishe shi. Na gida, shawarata ita ce tsohon jiki na 2023 ko 2024 mai tsabtataccen tarihi, ya ajiye rarar kuɗin ya gyara wutar gidansa ko ya ƙara sola.

Ranar karɓa ka je da rana tsaka, kada ka yarda da dare. Zagaya ka duba tazarar ƙofofi da but, ka kwanta ka leƙa ƙasan batir da tocila, ka kunna na'urar sanyi minti goma, ka jona caja ka ga tana karɓa. Karɓi katin makulli biyu. Idan ta hannu ce, kada ka cika kuɗi sai mai ita ya cire motar daga asusunsa na manhajar Tesla a gabanka, ta bayyana a naka, domin muddin tana asusunsa yana iya ganin inda take, ya kulle ta ko ya buɗe ta daga wayarsa. Da ta shigo naka, shiga Locks ka goge duk makullin da ba ka sani ba, sannan ka jona ta da intanet ɗin gida ta sauke manhajar da take bin bashi.